Akko, Ƙaramar Hukumar da Birnin Gombe Yake Kwana a Cikinta

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Bauchi daidai Tumfure da misalin ƙarfe bakwai na safe zai ga Keke Napep da babura da motocin ma'aikata sun yi jerin gwano sun nufi cikin birnin Gombe, idan kuma ya dawo wurin bayan sallar La'asar zai tarar jerin ya juyo, kowa yana hanzarin isa gida kafin Magariba. Shekara tara ke nan ina cikin wannan jerin. Akasarinmu idan aka tambaye mu inda muke zaune, cewa muke yi Gombe, kuma ba ƙarya muka yi ba, domin a nan muke aiki, a nan muke cefane, a nan muke kai marasa lafiyarmu. Amma ƙasar da muka kafa harsashin gidajenmu a kanta ta ƙaramar hukumar Akko ce, hedikwatarmu kuma tana Kumo, can kudu a kan hanyar Yola, garin da da yawa daga cikin maƙwabtana ba su taɓa sauka a cikinsa ba sai dai su ratsa shi a mota.

Wani maƙwabcina, dattijo da ya taso daga Yobe da iyalinsa a shekarun da rikici ya yi tsanani, shi ne ya sa na fara tunani a kan wannan al'amari sosai. Ranar da ya karɓo katinsa na zaɓe ya same ni a ƙofar masallaci, ya miƙo mini katin ya ce, "Malam, duba mini, ina jin sun yi kuskure, ni a Gombe nake amma sun rubuta Akko." Na ce masa, "Baba, babu kuskure, ni ma abin da ke jikin nawa ke nan." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni inda iyakar take. Na rasa wurin da zan nuna masa da yatsa, domin gidaje sun haɗe, shaguna sun haɗe, babu wani fili ko kurmi da ya rage tsakanin birnin da abin da a da ƙauyukan gefensa ne.

Dalilin wannan yana cikin taswira. Ƙaramar hukumar Gombe ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 52 ba, ita kuwa Akko tana da kusan murabba'in kilomita 2,627, wato ta ninka ta kusan sau hamsin. Akko ta rungume birnin ta yamma da kudu, Kwami tana arewa, Yamaltu/Deba tana gabas. Birnin da aka tsuke shi a ɗan wannan fili, aka kuma ɗora masa nauyin zama babban birnin jiha, ba shi da wata mafita illa ya malala cikin ƙasar maƙwabtansa, kuma saboda hanyar Bauchi ita ce babbar ƙofar da ke haɗa shi da Jos da Abuja, ta nan ne malalar ta fi ƙarfi.

Shi kansa birnin ba tsoho ba ne kamar Kano ko Katsina. Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin 1804, kuma mazauninsa Gombe Abba ne, a bakin kogin Gongola. Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, inda birnin yake a yau. Auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa, wanda ya iso a farkon shekarun 1960, su suka mayar da shi garin kasuwanci. Amma ranar da ta sauya rayuwar ƙauyukan Akko na kusa da birni ita ce 1 ga Oktoban 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi. Ma'aikatan da ke Bauchi suka dawo gida da iyalansu, aka buɗe ma'aikatu, bankuna suka biyo baya, kowa yana neman wurin kwana. Tun daga wannan rana manomin da gonarsa take kusa da kwalta ya fara ganin baƙi suna tsayawa da mota suna tambayar wanda ya mallaki wurin.

Idan mutum ya bar gefen birni ya nausa cikin Akko, zai ga wata ƙasa dabam. Daga Amada da garin Akko a kan hanyar Bauchi, zuwa Kumo da Kalshingi da Tukulma, zuwa Pindiga da Kashere da Tumu can wajen iyakar Alkaleri ta jihar Bauchi, ƙasa ce mai tudu da gangare, da duwatsu jefi-jefi, da itatuwan kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gonaki. Damina tana sauka sosai daga watan Mayu ko Yuni, ta ɗauke a watan Oktoba. A wasu wuraren ƙasar jigawa ce mai yashi da ta dace da gero da gyaɗa da wake, a wasu wuraren kuma baƙar laka ce mai riƙe ruwa, wadda ta yi suna da auduga a zamanin da, yanzu kuma masara da dawa suka fi cin moriyarta. Masana duwatsu sun san wannan yanki sarai, har akwai wani rukunin duwatsu na ƙarƙashin ƙasa da suke kira da sunan Pindiga, kamar yadda suke kiran wani da sunan Gombe.

Wannan yanayin ƙasa ba abin karatu kawai ba ne a wurinmu, domin shi ne yake yanke mana hukunci a kan abubuwa biyu da suka fi damun mazaunin gefen birni, wato ruwan sha da zaizayar ƙasa. A yammacin birnin, inda tudun yashi yake, ruwa yana da nisa ƙwarai. Rijiyar hannu ba ta kai shi, burtsatse kuma sai mai hali, domin injin yana iya nutsawa ƙasa sosai kafin ya taɓo danshi, wani lokaci ma a kashe kuɗi a tashi babu komai. Ruwan famfon da birnin ya dogara da shi daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa ake turo shi, can gabas a kan Gongola, saboda haka sai ya ratsa birnin gaba ɗaya kafin ya hauro mana tudu, sababbin unguwanni kuwa sun fi bututu saurin tafiya. A layinmu, abin da yake tashe ni kafin kiran sallar Asuba a watannin bazara shi ne ƙarar jarkoki suna karo da juna a cikin kurar 'yan ga-ruwa. Akwai wani yaro da yake kawo mana, yana turo kura mai jarka goma sha biyu a cikin yashin da ƙafa take nutsewa, ya dafa ta da ƙirjinsa idan ya zo hawa, rigarsa ta jiƙe da gumi tun rana ba ta fito ba. Idan uwargida ta lissafa abin da muke ba shi a wata, sau da yawa ya fi abin da muke biya na wutar lantarki. Gidan da ke da yara shida ko bakwai, wanda maigidan ɗan ƙwadago ne, ban san yadda za a ce masa ya kula da tsafta ba alhali kowace jarka sai an auna abin da za a yi da ita.

Ruwan da muke nema da rani shi ne kuma yake tsorata mu da damina. Yashin da ke kan gangare ba ya jure gudun ruwa. Lokacin da wurin yake gona, ciyawa da kunya da saiwar itace suna rage masa ƙarfi, yanzu kuwa rufin kwano ne ko'ina, kowane gida yana zubo nasa a kan layin da babu magudana. Ɗan tsagin da yaro yake tsallakewa bana, bayan damina uku sai ya zama kwazazzabon da ya raba unguwa biyu. Na ga katangar wani gida a bayan unguwarmu ta rataye a bakin rami, harsashinta a waje, mai gidan yana jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi yana dasa kashe-ƙwari ko Allah zai sa ƙasar ta tsaya. Gwamnatin jiha ta yi manyan ayyukan tare kwazazzabai a cikin birni, ta kuma ƙaddamar da shirin dashen itatuwa tun 2019, kuma duk wanda ya san yadda waɗancan wuraren suke a da zai yaba. Abin da nake gani shi ne, ramin da ake kashe maƙudan kuɗi wajen rufewa a ƙasa, daga tudunmu ruwansa yake tasowa, kuma da an ja magudana tun ranar da aka yanka filayen, da ɗan kaɗan ya isa.

Maganar yawan jama'a kuwa, alƙaluman da ake da su a hukumance har yanzu na ƙidayar 2006 ne. A wannan ƙidaya Akko tana da mutum sama da 337,000, ita ce kan gaba a jihar, ƙaramar hukumar Gombe kuma ba ta kai 270,000 ba, jihar baki ɗaya tana da kusan miliyan 2.4. Yawan nan ne ya sa Akko take da kujera guda tata ta kanta a Majalisar Wakilai ta Tarayya, alhali Gombe tana raba tata da Kwami da Funakaye, Akko kuma tana da kujeru uku a majalisar dokokin jiha. Sai dai a 2006 wurin da gidana yake gonar dawa ce. Unguwanni da dama da yanzu suke da masallatan Juma'a da coci-coci da makarantu masu zaman kansu ba su wanzu ba a lokacin. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk wanda zai tsara yawan azuzuwa ko ɗakunan shan magani ko taransifoma a gefen birni, da ƙiyasi yake aiki. Sakamakon yana bayyana a makarantar firamare ta gwamnati mafi kusa da mu, wadda aka gina wa 'ya'yan ƙauye guda, yanzu kuma take ɗaukar 'ya'yan gari sukutum.

Su wane ne mutanen? A ƙauyuka da tsofaffin garuruwa akwai Fulani, waɗanda sarautar Akko da ta Gona suke hannunsu, akwai Jukunawa da tarihin Pindiga yake komawa gare su, akwai Tangale da Tera da Barebari da Bolawa da Hausawan da fatauci da noma suka kawo tun kaka da kakanni. Hausa ce harshen kasuwa da na tasha, Fulatanci kuma yana da ƙarfi a cikin gidaje da fada. A gefen birni sai abin ya ƙara cakuɗuwa. A layinmu kaɗai akwai malamar asibiti 'yar Kaltungo, akwai ɗan kasuwar kayan gini daga kudu maso gabashin ƙasar nan, akwai tsohon soja, akwai gidaje uku na mutanen Borno da Yobe da suka zo da niyyar zaman wata shida, yanzu 'ya'yansu da aka haifa a nan sun shiga sakandare. Wannan zama yana burge ni, kuma ina ganin yana daga cikin abin da ya sa Gombe ta samu sauƙi a shekarun da maƙwabtanta suka sha wuya. Amma yana da rauni guda, domin yawancinmu zuciyarmu tana garuruwan da muka fito, hidimarmu tana birni, ƙaramar hukumar da muke kwana a cikinta kuwa ba mu san ko sunan kansilanmu ba.

Tushen arzikin Akko har gobe noma ne da kiwo. Masara da dawa da gero da wake da gyaɗa, da riɗi da waken suya da suka samu karɓuwa a 'yan shekarun nan saboda masu saye don fitarwa, su ne suke cika kasuwar Kumo da ta Kashere, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Tudun Hatsi a Gombe ko su wuce kudu kai tsaye. Shanu da tumaki da awaki suna bin wannan hanya. Wanda ya ga Kumo a ranar kasuwa bayan kaka, buhuna sun yi tsibi, masu awo da 'yan dako da dillalai kowa yana cin abincinsa, zai fahimci cewa abincin da birnin yake ci daga wannan ƙasa yake fitowa.

A gefen birni kuwa amfanin gonar da ya fi kowane tsada yanzu ita ce gonar kanta. Baffana, ƙanin mahaifina, yana da gona babba da ya gada a wani ƙauye da ke bayan Tumfure. Ina nan ranar da aka zo yanka kashi na farko. Dillali ya zo da yaransa biyu da igiya da turaku, suka riƙa auna ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, suna kafa turke a kowace kusurwa, karan dawar bara yana tsaye a wurin. Da suka zo fitar da hanya, dillalin ya rage mata faɗi domin a samu ƙarin fuloti biyu. Na ce wa Baffa hanyar nan ko motar yashi ba za ta shiga ba, balle motar kashe gobara. Ya ce, "Ɗana, aurar da ƙannenka mata biyu ne a gabana, ga kujerar Makka da na daɗe ina buri, hanya kuma waɗanda za su zauna su gyara abinsu." Ban ga laifinsa ba, domin kuɗin da aka ba shi a fuloti ɗaya ya fi abin da wurin zai ba shi a noman shekaru masu yawa, ga tsadar taki, ga awakin sababbin maƙwabta da suke shiga shuka. Aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Haka aka yanka akasarin unguwanninmu, abin da ake kira awon igiya, babu filin makaranta, babu na asibiti, babu na maƙabarta, burtalin da shanu suke bi zuwa mashaya kuma ya zama layin gidaje.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya. Matsalar wuri irin namu ita ce, da safe karkara ne, kafin hukuma ta waiwayo ya zama birni. Kafa hukumar GOGIS da gwamnatin jiha ta yi domin sanya bayanan filaye a kwamfuta mataki ne mai kyau, kuma ya rage rigimar sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu a wuraren da aikin ya kai. Abin da nake fata shi ne ma'aunin gwamnati ya riƙa riga igiyar dillali isa gona, a fitar da hanyoyi da magudanu da filayen jama'a tukuna, a bar wa manomi sauran ya sayar da hannunsa. Zai ma fi samun kuɗi, domin fulotin da ke kan hanya mai faɗi ya fi daraja.

Cinikin fili ya haifar da sana'o'i masu yawa da ba za a raina ba. Masu buga bulo, direbobin tifa, magina, kafintoci, masu walda, masu sayar da siminti da rodi da kwano, duk a kan wannan faɗaɗa suke ci. 'Ya'yan manoman da suka sayar da gonakinsu da yawa sun koma leburanci a gine-ginen da ake yi a kan gonakin iyayensu, wasu kuma sun sayi babur ko Keke da rabonsu. Wannan aiki yana nan ne muddin ana gini, kuma gini yana matsawa gaba kullum.

Akwai kuma manyan abubuwa da mutane suke danganta su da Gombe alhali a ƙasar Akko suke. Filin jirgin saman jihar yana Lawanti, a kan hanyar Bauchi. Jami'ar Tarayya ta Kashere, ɗaya daga cikin waɗanda gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, ta mayar da garin tsohon gwamna Danjuma Goje garin ɗalibai, inda ɗakunan haya da shagunan buga takardu da gidajen abinci suka zama hanyar samun mutane da yawa. A Maiganga ana haƙar kwal da ake ɗauka a manyan motoci zuwa kamfanin siminti na Ashaka da ke Funakaye, kuma sai da aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni kafin aikin ya kankama. A watan Nuwamban 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ɓangaren Gombe kuwa ƙasar Pindiga ce. Ma'adinai a tsarin mulkin Najeriya na gwamnatin tarayya ne, saboda haka abin da ƙauyen da ke kusa da rami yake samu ya dogara ne da yarjejeniyar da aka yi da shi da kuma ƙarfin muryar shugabanninsa. Ina ganin wajibi ne 'yan boko na wannan yanki su karanci abin da ya faru da al'ummomin Neja Delta tun kafin ganga ta farko ta fito, su kuma zauna da dattawan Maiganga su ji yadda tasu ta kasance.

A tsarin mulki, duk wannan nauyi a kan majalisar ƙaramar hukuma guda yake, mai mazaɓu 11, wadda ake so ta kula da ɗakin shan magani a Tumu, ta gyara rumfunan kasuwa a Kumo, ta kuma kwashe shara a Tumfure. Bukatun makiyayin da ke neman mashaya da na ma'aikacin banki da ke neman kwalbati a ƙofar gidansa ba iri ɗaya ba ne, kuma mai kusa da gidan gwamnati ya fi saurin samun kunnen da zai saurare shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan hakan ya tabbata a aikace, tambayar yadda za a raba kuɗin Akko tsakanin gefen birni da ƙauyuka za ta taso da ƙarfi, kuma ina tsoron mu mazauna gefen birni, da yake mun fi iya rubuta takardar koke, mu cinye rabon waɗanda suke noma mana abinci. A ganina, hidimar unguwannin da suka riga suka haɗe da birni, kamar ruwa da magudanu da shara, ya kamata jiha ta ɗauke ta a matsayin hidimar babban birninta, ta bar wa Kumo ƙarfin da za ta fuskanci karkara da shi.

Makon jiya na je gaishe da Baffa. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya rage masa, kuma bana ya shuka masara da wake a ciki. Gidaje sun kewaye ta ta ɓangare uku, wata mata tana shanya a kan katangar da ta yi iyaka da kunyar farko. Ya zagaya da ni ya nuna mini inda ruwan layin sama ya fara cin gefen gonar, ya ce zai kawo duwatsu ya jera kafin ruwan Agusta. Da muka iso ƙarshen gonar na ga sababbin turaku guda huɗu an shafa musu jan fenti. Na tambaye shi, ya ce dillali ne ya zo ya gwada kawai, bai ba shi amsa ba tukuna, ya ce masa ya dawo bayan an cire amfanin gona.